Kwanar Tirela a Ƙaramar Mota

Uwar Biyu ta shekara arba'in da tara a duniya hannunta bai taɓa sitiyari ba, kuma ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba. Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin layi: keke biyu, teburin yanka, da dutsen guga da wayarsa ta sha ɗauri. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, kuma duk uwar da ta taɓa kai mata yadi ta san abu biyu, ɗinkinta ba ya farkewa, bakinta ba shi da birki. Idan kika ce mata aljihu ya karkace, tef za ta ɗauko ta auna a gabanki. In ke ce da gaskiya ta farke ta sake ba ta ce uffan ba. In kuwa ita ce da gaskiya, to ki nemi wurin zama, don sai kin ji tarihin aljihu tun daga farkonsa.

Tuƙi aikin mijinta ne. Baban Biyu ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela mai taya goma sha takwas. Ya tafi sati biyu, ya dawo ya yi kwana uku, ya cika gida da warin dizal da labarin hanya. Abin alfaharinsa guda ne, kuma yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi ko bai tambaya ba: bai taɓa kayar da kaya ba, bai taɓa taka ko kaza ba. 'Yan biyun nasu mata ne, duk sun yi aure a garuruwa masu nisa, sai dai waya.

Sai ciwon suga ya shigo gidan, ya fara da idanu. Ranar da ya je sabunta lasisi aka tsayar da shi gaban allon haruffa, ya karanta layin sama, sauran ya dinga canka. Yarinyar da ke gwajin ta ce ya yi haƙuri. Shi ke nan fa, aikin rayuwa ya ƙare a kan "yi haƙuri". Bayan shekara biyu ciwon ya gangara ƙoda. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a sati, Litinin, Laraba, Juma'a, ƙarfe takwas na safe, a asibitin da ke can ɗaya ƙarshen gari. Inji shida ne, masu jira sun cika baranda. Wanda ya makara da minti ashirin sai a ɗora wani a gadonsa, shi kuma ya koma gida da ruwansa a jiki.

'Yan tasi kuwa, kada ma a tayar da maganarsu. Wanda ya yi alkawarin ƙarfe bakwai sai ya zo bakwai da rabi yana sakace. Wani ya tsaya ɗibar fasinja a kowane lungu. Wani kuma, ranar da amai ya taso wa Baban Biyu a hanyar dawowa, sauke su ya yi a bakin titi cikin rana, wai kujerarsa sabuwa ce. Kujerar da soso ya leƙo ta ko'ina! Ran nan Uwar Biyu ta shigo gida ko mayafi ba ta ajiye ba, ta fizge tamfol daga kan 'yar motar da ya saya da kuɗin sallamarsa, wadda ya ci burin ja da kansa in ya huta, ido bai bar shi ba.

"Tashi ka koya mini," ta ce.

"In koya miki me?"

"Kitso. Mota mana, Baban Biyu!"

Ta je ofis ta karɓo takardar koyo, magatakarda ya karanta mata dokokin kamar mai jin barci. Allo mai jan harafi gaba da baya. Ba ta hau titi sai da mai lasisi a cikin motar. Gwaji sau uku ake yi wa mutum, wanda ya faɗi na ukun sai ya jira wata shida kafin a sake duba shi. Wata shida! Ta lissafa a ranta safiya nawa ke nan a hannun 'yan tasi, ta ja tsaki har magatakardan ya ɗago kai.

A wani fili bayan sito suka fara. Baban Biyu ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa, amma kunnensa ras yake. "Giya! Ba kya jin tana kuka? Ba ta ta biyu!" Ƙafar da ta shekara talatin a kan keken ɗinki ba a koya mata lallaɓa kuloci, cikin sati ɗaya motar ta daina mutuwa a hannunta. Shi kuwa sai ga shi ya dawo mutum. Mutumin da ke wuni a kujera yana sauraron rediyo ya koma tashi tun da sassafe, ya goge gilashin da ba ya gani, ya buga kowace taya da ƙafa. Ya koya mata duba mai da ruwa, ya koya mata ribas da madubi kaɗai ba waiwaye. Sannan ya koya mata abin da ya ce shi ne ya raba direba da ɗan koyo.

"Kafin ki karya dama, ki fara fita hagu. Buɗe kwana! Ki ba bayanki wuri. Kai yana wucewa lafiya, baya ne ke hawa kan mutane."

Ya sa ta jera jarkoki, ta yi ta zagaya su, yana buga dashbod yana cewa, "Buɗe! Ƙara buɗewa!" har abin ya zauna mata a hannu kamar zura zare a allura. Ba ta tambaya ba. Wa za ta tambaya, alhali ga mai abin a gefenta?

Maƙwabciyarsu, wadda kowa ke kira Nas, ita ce mai lasisin da doka ke nema. Ranar da ba ta da aikin safe sai ta shiga motar da lasisinta a jaka, kafin a fita layi ta yi barci. Sauran ranaku sai tasi. Wata Litinin Nas tana wurin aiki, ɗan tasi ya kashe wayarsa, agogo ya nuna bakwai da kwata. Uwar Biyu ta ce a yi ta ta ƙare, ta ɗauki makulli. A shataletale jami'an hanya suka ga jan harafi suka ɗaga mata hannu.

"Ina mai lasisin da ke tare da ke?"

"Ga shi nan a gefena. Tun kafin a haife ka yake tuƙi."

Jami'in ya juya tsohon lasisin Baban Biyu, ya ce wannan ai ya mutu tun tuni. Ta nuna masa katin asibiti. Ta nuna masa hannun mijinta, inda allura ta yi ta huda har jijiya ta kumbura. Ko a jikinsa. Ta roƙa, da roƙo bai ci ba ta wanke shi tas, shi da hularsa da wanda ya ba shi hular, kuma wannan bai gyara komai ba. Sai azahar suka saki motar. Washegari ƙafafun Baban Biyu sun yi suntum, numfashi yana fita da ƙyar, kwanciya ta gagara sai zama a jingine da filo uku. Tana tsaye a kansa da mafici ta rantse ba za ta ƙara hawa titi ba takarda ba, kuma takardar nan sai ta karɓe ta ko ana ha-maza-ha-mata.

Mai gwajin wani siriri ne mai tabarau, ana ce masa Jan Biro, don ba a taɓa ganin ya yi rubutu da wani launi ba. Ba ya gaisuwa, ba ya murmushi. Ranar gwajin farko ya shiga motar ya ɗaura bel, ya ce, "Mu je." Ta yi ribas tsakanin tayoyin da aka jera ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tashi a kan tudu motar ba ta zame ko taƙi ba. Suka fita titi, ya ce ta shiga dama. Ta kunna sigina, ta fita hagu yadda aka koya mata, ta sha kwanarta a buɗe, har tana jin daɗin kanta. Biro ya yi ƙyas-ƙyas a takarda. Da suka dawo ya yago mata rabi.

"Ba ki ci ba."

"Saboda me?"

"Yana nan a rubuce."

Abin da ke rubuce shi ne: lamba goma sha huɗu, rashin tsare layi. Wane layi? Layin wa? Kafin ta buɗe baki ya shige motar wani. A ƙofar ofis, gindin bishiya, dillalai suka taso mata. "Mama, ki daina wahalar da kanki. Hoto biyu kawai, ba sai kin shiga mota ba, jibi ki zo ki karɓa." Wallahi sai da zuciyarta ta raya mata. Amma Nas ta riga ta gaya mata irin wannan katin ana gane shi a hanya, a sake kama mota, a sake rasa inji. Ga kuma baƙin ciki: ita da ta iya, ita ce za ta sayi shaidar iyawa a gindin bishiya? Ta ce musu su kauce mata kafin ta huce a kansu.

A gida Baban Biyu ya saurari labarin tun daga farko, yana gyaɗa kai kamar alƙali.

"Kin buɗe kwanar dai?"

"Na buɗe."

"To ba ki buɗe sosai ba. Abin da yake nufi ke nan da layi. Yaran nan ba su iya bayani ba."

Sai suka koma fili, suka ƙara wa jarkoki tazara. Sati uku tana rufe shago da la'asar, iyayen yara suna zuwa su tarar da kwaɗo, ita tana can tana koyon yadda za ta ƙara lalata abin da ya riga ya lalace.

Gwaji na biyu ranar Alhamis ne, Baban Biyu ya ce sai ya je. Suka zaunar da shi a benci a harabar ofis da sandarsa, Nas na gefensa tana hamma. Jan Biro ne dai. Ribas lafiya, tudu lafiya. A wannan mahaɗar ya ce ta shiga dama. Uwar Biyu ta ce a ranta, yau za ka ga layi. Ta fita hagu har ta haye farin fenti, ta bar wani makeken fili a damanta. Wani mai babur da ke bayanta, ɗauke da mace mai goyo, ya ga hanya ta buɗe, ya kutsa. Daidai lokacin ta karyo sitiyari.

Jan Biro ya fizgi birkin hannu. Taya ta yi ƙara, motar ta mutu. Madubin gefe ya shafi zanin goyon, hular jaririn ta faɗo a kan kwalta. Mai babur ya yi tangal-tangal, ya dafa ƙasa da ƙafa, ya juyo ya zazzaga mata zagin da tun tana yarinya ba a yi mata ba. Kuma a karon farko a rayuwarta Uwar Biyu ba ta rama ba. Hular kawai take kallo, 'yar saƙa ce ruwan ɗorawa.

Jan Biro da kansa ya maido motar. A harabar ya kashe ta, ya cire tabarau.

"Wa ya koya miki tuƙi?"

"Maigidana."

"Babbar mota yake ja?"

"Tirela. Ga shi can."

Ya fita, ta bi shi. Ya je gaban benci ya ɗan rusuna ya gaida Baban Biyu, abin da ba ta taɓa zaton ya iya ba. Sannan ya koma ya taka tsawon motar daga gaba zuwa baya, yana ƙirgawa da ƙarfi don tsohon ya ji.

"Taku huɗu, Baba. Taka nawa ce?"

"Ashirin da ɗaya," in ji Baban Biyu.

"To a taka, in ba ka buɗe ba ka hau kan mutane. A wannan, in ta buɗe ta kira mutane su shigo ta murƙushe su. Yanzun nan saura ƙiris ta kashe mace da goyo. Tuƙinka daidai ne, Baba, amma ba na wannan motar ba ne."

Baban Biyu ya miƙe yana dogara sanda. Ya ce shi za a koya wa kwana? Shi da ya sauko da tan talatin daga kan dutse birki na hayaƙi? Yaron da bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba? Uwar Biyu ce ta shiga tsakani, kuma ba mijinta ta tara ba.

"Kai kuma, me ya hana ka buɗe baki ran farko? Kalma nawa ce? Ka rubuta mini lamba goma sha huɗu, ni boka ce? Da yau na kashe 'yar mutane, da jan biron naka za ka tashe ta?"

"Ni mai gwaji ne, ba malami ba. Doka ba ta ce in koyar ba."

"Doka ta ce ka zama dutse?"

Ya mayar da tabarau, ya yago rabin takarda. "Saura miki ɗaya," ya ce, ya wuce.

Haushin da ta kwaso ran nan ya ishi unguwa guda. Tana jin haushin Jan Biro da dokarsa mai rowar magana. Tana jin haushin dillalan gindin bishiya da ke sakar wa titi makafin direbobi, ita kuma ana auna ta da ma'aunin zinariya. Amma wanda ya fi ci mata rai nata ne. Ita da ba ta taɓa yanka wa ɗan aji ɗaya wando da awon babban mutum ba, yaya aka yi ta sa wa 'yar mota awon tirela wata uku ba ta lura ba? Washegari, bayan ta dawo da Baban Biyu daga asibiti a tasi, ta wuce makarantar koyon tuƙi ta rubuta sunanta. Malamar wata yarinya ce da ba ta kai 'yan biyunta ba.

Da ta faɗa masa yana zaune a tsakar gida, sai ya kashe rediyo.

"Yarinyar da ba ta taɓa canza taya ba ita za ta gyara abin da na koyar?"

"Ita."

"To ni na zama me ke nan?"

"Ka zama marar lafiyar da nake so in kai asibiti a kan lokaci! Saura mini gwaji ɗaya, Baban Biyu, ɗaya tak. In na faɗi, wata shida. Kana da wata shida a hannun 'yan tasi?"

"Da kin bi yadda na ce daidai..."

"Yadda ka ce na bi, na kusa yin kisa! Ka bar ni haka nan. Kai da ko hanyar ba ka gani!"

Ta ji fitar maganar kamar yadda ake jin almakashi ya wuce alli, an riga an yanka. Ya lalubi rediyonsa ya kunna. Tun daga ranar bai ƙara goge gilashi ba, bai ƙara buga taya ba. In ta dawo daga makaranta ba ya tambaya, in ta fara ba shi labari sai ya ce a miƙo masa ruwa. Ta so ta ba shi haƙuri, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta tuna hular nan a kan kwalta, haushi ya sake tasowa, don har yau bai ce ya yi kuskure ba.

Sati biyu malamar tana dafe mata sitiyari a kowace kwana tana cewa, "Mama, manne da gefenki." Cire abin ya fi koyonsa wuya nesa ba kusa ba. Kai ya gane, hannu ya ƙi. Har a shago, tana tura yadi a keke, sai ta ji kafaɗarta na janyewa hagu.

Ranar gwaji na uku ita da Nas kaɗai suka je. Jan Biro ya shiga ya ɗaura bel kamar bai taɓa ganinta ba. Da suka doshi mahaɗar ya ce ta shiga dama, ta ji hannunta na hagu yana ja da kansa. Ta damƙe sitiyari, ta duba madubi, ta rage gudu, ta manne da gefen titi ta shige sumul. Ya sa ta sake wata kwanar, da wata, har biyar, mugun. A harabar ya sa hannu a wata takarda mai hatimi, ya ce ta riƙe wannan kafin kati ya fito, daga yau tana iya fita ita kaɗai.

"Ba don halinka ba," ta ce, ta karɓe.

A gida ta ɗora wa Baban Biyu takardar a cinya. Ya shafa ta da yatsa, ya ce, "Madalla," ya miƙo mata abarta.

Juma'a ƙarfe bakwai ta ɓalle allunan jan harafi ta jefa bayan ƙofa, ta tayar da mota, ta buɗe masa ƙofar gaba. Ya fito da sandarsa da jakar asibiti, ya lalubi jikin motar, ya wuce ƙofar da ta buɗe, ya buɗe ta baya ya zauna.

"Meye haka? Tasi ka samu? Dawo gaba."

"Nan ma ya isa."

"Baban Biyu, kada ka ɓata mini rai da safen nan. Na ce ka dawo gaba."

"Lokaci na tafiya," ya ce.

Lokacin kuwa tafiya yake. Ta buga ƙofar da ƙarfin da ya sa karen maƙwabta haushi, ta ja mota. Duk tsawon hanyar bai ce ta canza giya ba, ko da ta bar ta tana kuka da gangan a ta biyu, tana satar kallonsa a madubi. Ya jingina kai da gilashi, hannuwansa biyu a kan jaka. A shataletale jami'an hanya suka tsayar da ita, ta miƙa takarda ba ta ko dube su ba, suka ce ta wuce.

Maigadin asibiti ya saba ganinsu suna fitowa daga tasi. Ya leƙo, ya ga wadda ke riƙe da sitiyari, ya washe baki.

"A'a! Mama, yau ke ce da kanki? Wa ya koya miki?"

Ta ɗaga murya yadda na baya zai ji. "Maigidana mana. Wa kuma?"

"Ba ni ba ne," in ji Baban Biyu daga baya, a hankali, ba faɗa ba gatse.

Maigadi ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ɗaga ƙarfe. Ta shiga ta ajiye motar tsakanin fararen layuka biyu, ta zagayo ta buɗe masa, ta miƙa hannu. Ya kama, don ba ya ganin matakala. Takwas saura kwata aka ɗora shi a inji, shi ne na farko.

Awa huɗu ake yi. Ta fito baranda ta zauna a benci da makulli a hannu, ta duba hagu ta duba dama, ta rasa wanda za ta yi wa masifa.